Na Bar Akwatin Ban-Ruwa a Sandare

Karatuna na boko ya tsaya ne a daidai inda malami ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Abin da na tsira da shi haɗa baƙi da wasali ne, da shi nake wannan rubutu. Amma akwai shekarar da mutanen fadamarmu ta Gummi suka riƙa kirana Injiniya, ni kuwa ina amsawa har da gyara zaman hula.

Noman rani muke yi, shinkafa. Da jigo na tashi, na yi zamani da injin fetur, har fetur ya fi ƙarfinmu muka jingine injunan, daga baya akasarinmu muka sayar, har da ni. Sai wani kamfani ya kawo mana famfon sola na haɗin gwiwa. Rijiyar burtsatse ce babba, da farantan sola a jere kamar an shanya baƙaƙen tabarmi, da ɗan ɗakin kwano da aka kafa wani akwatin ƙarfe a cikinsa. Kowane manomi da katinsa. In lokacinka ya yi sai ka ɗora katin a kan wani ɗan gilashi da ke jikin bango ta waje, akwatin ya tada injin, ya buɗe bakin bututunka, ya riƙa ƙirga maka rabonka. In babu akwatin, injin ko tari ba ya yi. Ni aka ba makullin ɗakin, ba don na fi kowa gaskiya ba, sai don wadda kamfanin ya ɗora wa kula da akwatunan yankinmu ɗiyata ce.

Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Inna nake ce mata. Ilimin kwamfuta ta karanta. Uwarta ta ce kan nata ne ta gado, ni kuwa da na duba tarihina ban ga abin gardama ba. A Anka take zaune da mijinta, akwatunan Anka da na Bukkuyum da namu duk a wuyanta suke.

Tun shinkafa tana ƙarama akwatin ya fito da wata ɗabi'a. Ana cikin ban-ruwa sai injin ya yi shiru. Akwai 'yar fitila koriya a goshin akwatin, in yana lafiya ƙiftawa take yi. In abin ya zo sai ka tarar ta tsaya cak, a buɗe kamar idon busasshen kifi. Ka ɗora kati, ka goga shi a riga, ka sake ɗorawa, ko gezau.

Ranar farko na tsaya ina kallonsa, sai na tuna abin da nake wa wayata in ta ƙi jin magana: a zare batir, a mayar. Na yi bismilla, na ja makunnin akwatin ƙasa, na tofa masa ɗan abin da na sani, na mayar sama. Fitila ta yi ja, ta koma koriya, ta soma ƙiftawa, ruwa ya taso. Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina wanda gonarsa ke jikin tawa, shi ya fara kirana Injiniya. Ba'a yake yi, amma sunan ya kama. Ni kuma ban ɓoye ilimina ba. Ranar kasuwar Bukkuyum na samu mai riƙon makullin akwatinsu yana kukan irin wannan ciwo, na ja shi gefe na koya masa, har da tofin. Ya saya mini tsire.

Da bazara ta matso abin ya ƙaru. Sai a yi kwanaki lafiya lau, sai kuma a wayi gari ya sandare da hantsi, ya sandare da azahar, ya ƙara kafin la'asar. Kuma tashinsa ya soma nauyi. Da can kafin in gama gyara hula fitila ta koma koriya, yanzu sai ta daɗe a ja ina tsaye ina raba ido. Ana haka labari ya zo daga Bukkuyum: ɗalibina ya ja makunni kamar yadda na koya masa, ya mayar, fitila ta yi ja ta zauna a ja. Akwatinsu bai ƙara tashi ba. Kamfani ya ce sabo sai bayan an gama rani. Wanda ya kawo labarin ya ce ya ga ana kora shanu cikin shinkafar da ta kai gwiwa.

A makon nan Inna ta zo. Na shiga gaba ina nuna mata yadda nake yi, na ɗauka za ta yaba.

"Baba, tun yaushe kake wannan?"

"Tun hwarko. Ba don ni ba da tuni an tashi daga wagga fadama."

Ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta ce in zauna. Yadda ta faɗa ɗin nan sai na ji kamar mai sunan ce ta dawo.

Ta ce a cikin akwatin akwai wani abu da suke ce wa kanel. Shi ne can ƙarƙashin komai, shi ke raba wa ayyuka lokaci da kayan aiki. Ayyuka da yawa ke gudana a tare a ciki, kuma akwai kayan da ba a yarda biyu su taɓa lokaci guda ba, don haka kowane irin kaya an yi masa makulli. Mai so ya ɗauki makulli, ya yi aikinsa, ya ajiye wa na baya.

"Ina zargin wani ke ɗauka ya ƙi ajiyewa," in ji ta. "Amma ban san ko wane ne ba, ban san kuma wane makulli ba. In akwatin ya sandare, kowa yana tsaye inda abin ya same shi, da abin da ke hannunsa. In na jona kwamfutata a lokacin, zan iya sa kanel ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Da ka ja makunni, kowa ya watse, ba abin da zai rage."

"Wato ni ka share sawun ɓarawo."

"Kai da duk wanda ka koya mawa. Kuma duk ja ɗaya yana taɓa ma'ajiyar da ke cikinsa. Na Bukkuyum abin da ya kashe shi ke nan."

Na tuna tsiren nan da na ci a kasuwar Bukkuyum.

Ta zauna da mu kwanaki, kwamfuta a jone, tana jiran ya sandare. Akwatin nan ya zama salihi. Rana fes, injin yana ta gurnani, fitila tana ƙiftawa kamar amarya. Taubashina ya ce ai ɗan banza ne, ya san wadda yake tsoro. Da aiki ya kira ta Anka, ta tara mu a bakin ɗakin ta roƙe mu abu guda. In ya sandare kada a taɓa, a bar shi yadda yake, a kira ta. Duk muka ce to. Cewa to ba wuya lokacin da ruwa ke gudu a ƙarƙashin ƙafarka.

Ba ta daɗe da tafiya ba ya sandare da hantsi. Na kira ta, ta ce ga ta nan. Na zauna a bakin ƙofa ina ta ba mutane haƙuri kamar mutumin kirki. Har azahar ina nan. Bayan salla na ce bari in leƙa in ga ko fitila ta motsa da kanta. Na shiga, na ga makunnin nan yana kallona. Wallahi ban san na miƙa hannu ba, ƙarar injin kawai na ji, bayan fitila ta daɗe a ja. Mutane suka yi ta sa mini albarka.

Da la'asar Inna ta sauka daga kan babur, ƙura har gira. Tun daga nesa ta ji injin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shiga ta jona kwamfuta, ta duba, ta naɗe wayoyinta.

"Baba, ban san ko saura ja nawa ya rage masa ba. Ƙila da yawa, ƙila ɗaya."

Ta ƙara kwana da mu, sama tas, akwati lafiya. Ta koma.

Ranar da ya sake yi, shinkafa ta gama ciki ta fara fitar da kai. Duk manomin shinkafa ya san waɗannan kwanaki. Tana ƙarama in ta sha ƙishi takan yafe, in ta nuna ma ba ruwanta. Amma tana fure in ƙasa ta bushe a ƙarƙashinta, kan zai fito, ka gan shi tsaye kamar na kowa, ciki kuwa fanko. Duk abincin gidana na shekara yana cikin fangulan gonata, 'yan gadajen nan da muke tare ruwa a ciki, kuma gonata ce ta ƙarshe a layin bututu, a ɗan tudu, inda ruwa ke fara gudu ya bar mutum.

Da safiyar nan giragizai na ta yawo, irin na bazara masu yi wa mutum alkawari su wuce. Injin ya yi shiru. Na shiga, na ga fitila a tsaye. Na ji hannuna na dama yana ƙaiƙayi, sai na kama shi da na hagu na fito da baya da baya. Na danna kwaɗo. Ban tsaya gaisawa da kowa ba, na miƙe cikin gari har gida, na wuce zaure, na samu uwargida tana tankaɗe.

"Riƙe wanga makulli. Kada ki ba kowa sai Inna."

"Har kai?"

"Musamman ni. Ko na yi kuka."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaure shi a bakin zane. Na san abin da na yi. Ba namijin da zai wuce zaurena ya shiga wajen matata neman makulli, ni kuma shekarun da muka yi tare ban taɓa cin gardama da ita ba.

Na kira Inna. Ta ce yanzu za ta fita tasha. Can da rana ta kira, ta ce ta iso Bukkuyum amma motoci sun tsaya. Hanyar nan tamu a shekarun nan ba kullum take biyuwa ba. In direbobi suka ji ƙishin-ƙishin daga gaba sai kowa ya kashe mota, ba mai gaya maka ranar tashi.

"Kada ki taho in hanya ba kyau," na ce mata. "Kin ji ko? Shinkahwa ce, ba rai ba."

Bakina ya faɗi haka, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ina kashe wayar na ji wani abu a cikina yana cewa da ma ta hau babur ta ratso daji. Na yi istigfari, na sake yi, abin bai tafi ba.

Na koma fadama na jingina bayana da ƙofar kwano. Rana ta buɗe, kwanon ya yi zafi har ina jin sa ta cikin riga. Mutane suka taru. Da farko da lallashi.

"Injiniya, a taimaka."

"An sauke ni."

"Ja guda ɗai, Baba. Hannunka na da albarka."

"Makulli na wajen uwar ɗiyana. Mai ƙarfin hali shi tai shi amso."

Wasu suka yi dariya, ranar farko ke nan, akwai sauran ruwa a fangulan. Washegari ba wanda ya yi dariya. Ruwan ya tsotse, laka ta yi fata, fatar ta soma tsagewa. A gonata tsagar har yatsa yana shiga. Ganyen shinkafa ya naɗe ya zama kamar tsinken tsintsiya, launinsa ya koma toka-toka. Waɗanda ke da tsohon injin fetur a garinmu ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma kowa nasa yake ceto. Muka koma jarka. Gulbi a bazara ya janye can tsakiyar yashi, sai ka yi tafiya kafin ka taɓa ruwa. Na ɗauko jarka a ka, ni da rabona da ɗaukar ruwa tun ina da haƙora duka, na zo na juye a fangali. Ƙasa ta shanye shi kafin in miƙe, ko sautin kirki bai yi ba. Na koma. Na sake komawa. Ina tafe ina waigen ɗakin kwano kada wani ya taɓa kwaɗon. A zuwa na ban san na nawa ba ƙafata ta nutse a yashi, na faɗi, jarka ta yi gefe tana bulbula. Na zauna ina kallon ruwan yana shiga yashi, ban ko tashe ta ba.

Daga nan gida na nufa. Na samu uwargida a inuwar rumbu.

"Ba ni makullin nan in duba wani abu."

"Mi za ka dubawa?"

"Fitila. Kallo ɗai zan yi."

"Waccan rana ma kallo ka tai yi."

Na yi mata bayani na hankali. Na ce in akwatin ya mutu ƙila ne, amma shinkafar nan mutuwarta tabbas ce, ga ta ina gani da idona. Na ce ni ne mai gida. Na ce ta tuna rumbun da take zaune a inuwarsa saura kaɗan a ga ƙasansa. Da na ga ba ta motsa ba na yi abin da na ce mata zan yi, ban kuwa yi da gangan ba, hawaye suka zo da kansu. Ta kawar da kai, ta ɗebo fura ta miƙo mini.

"Sha. Kai ka ce ko ka yi kuka. Ni ban san komi ga injinku ba. Na dai san ɗiyata na zaune tashar Bukkuyum da kwamfuta bisa cinya, saboda ka ce mata ba ka taɓa ba. In ka taɓa, wa zai kira ta shi gaya mata?"

Na sha furar, don ko a cikin baƙin ciki ban taɓa mayar da fura ba.

Da na koma na tarar da taubashina a bakin ƙofa da guduma, mutane a bayansa. Na kutsa na zauna a wurina, kaina daidai kwaɗon.

"Tashi, tsohon banza."

"Sai ka hwara hwasa wanga." Na cire hula na nuna masa.

"Wanga? Mi ac ciki da za a hwasa? Kai da ɗiyarka kun mai da mu abin gwaji. Ita tana da albashi, mu shinkahwa muka ci."

"Ni ma ita nika ci. Tai ka dubi tawa, ta hi taka mutuwa."

"To mi kaka jira?"

"Ka ji abin da ya samu na Bukkuyum."

"Kai ka koya musu!"

"Ni na koya musu. Shi ya sa na san ƙarshen karatun."

Ya ɗaga gudumar. Ban ce zai sauke ta a kaina ba, amma na rufe ido don kada in zama shaida. Da na buɗe na gan shi tsaye yana huci, idanunsa jawur. Shekarunmu ɗaya da shi, tare aka yi mana kaciya, shi ma gidansa cike yake da bakuna. Ya juya ya dubi mutanen, ya dubi fadama, sannan ya zauna kusa da ni ya ɗora gudumar a cinya.

"Gobe azahar," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "In an kira salla ɗiyarka ba ta zo ba, da kai da ƙohwar zan haɗa."

Tun da guduma tasa ce, kuma ya yanka lokaci, sai mutane suka watse suka koma jarkokinsu suna zagina a hankali, wasu ba a hankali ba.

Wayewar gari wayar Inna ba ta shiga. Na kira har batir ɗina ya yi ja. Na zaga gonata sau ɗaya ban ƙara ba. Kawunan da suka fito jiya sun fara yin fari daga sama, irin farin da ba na nuna ba. Na murza ɗaya a tafin hannu, na hura, ba abin da ya rage. Na dawo na zauna a bakin ƙofa, ina tunanin abin da zan ce wa mutanen nan in ta zo ta duba ta ce ba ta ga komai ba. Ina kuma tunanin in ba ta zo ba sam, kuma ba don motoci sun ƙi tashi ba. Wannan tunanin na biyu ban iya riƙe shi da tsawo, sai in koma na farko in huta.

Aka kira azahar. Kowa ya dubi taubashina. Ya tashi, ya ce ba a fasa ƙofa ba alwala. Ya yi alwala kamar mai wankin riga. Ya yi salla, ya ƙara nafila, ya ƙara wata, mutumin da tun muna yara liman bai gama sallama ba yake neman takalmi. Yana zaune yana jan carbi ana ta yi masa gyaran murya, sai ga wata a-kori-kura ta kayan gwari ta tsaya a bakin hanya. Inna ta diro daga bayanta, jaka a ƙirji, ta riƙe da hannu biyu.

"An taɓa?" Ko gaisuwa babu.

"Ba a taɓa ba."

Uwarta da kanta ta kawo makullin, da lulluɓinta, ta miƙa mata hannu da hannu, ni ko kallona ba ta yi ba. Aka buɗe. Zafin da ya fito daga ɗakin kamar tanda. Fitila tana nan a tsaye. Inna ta durƙusa ta jona waya a gefen akwatin, ta danna wasu baƙaƙe. Shiru. Ta sake dannawa. Na ga gumi yana ɗiga daga haɓarta. Sai rubutu ya ɓarke a fuskar kwamfutar, fari a kan baƙi, yana gudu sama. Ta tsayar da shi, ta adana, ta sake adanawa a wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino, sannan ta bi shi da yatsa layi layi. Mu muna cushe a bakin ƙofa muna leƙe.

"Ga su nan," ta ce. "Su biyu ne."

Ta ce akwai aikin da ke karɓar kati. In an ɗora kati yakan fara ɗaukar makullin ƙirgan rabo, sannan ya nemi makullin injin ya tada shi. Akwai kuma aikin da ke lura da ƙarfin rana. In girgije ya gifta wuta ta ragu, shi makullin injin yake fara ɗauka ya rage masa gudu, sannan ya nemi makullin ƙirga don kada a cuci mai rabo. In aka yi rashin sa'a wani ya ɗora kati daidai ƙiftawar da girgije ya rufe rana, sai kowannensu ya damƙe makulli ɗaya ya tsaya jiran na hannun ɗan'uwansa.

"Kamar mutum biyu a bakin rijiya, Baba. Wannan ya riƙe guga, wancan ya riƙe igiya, kowa ya ce sai an miƙo masa tukuna. Sauran ayyuka duk suka yi layi a bayansu."

"Shi ya sa in kin zo ba ya yi," in ji taubashina. "Ranakun da kinka zo ba hadari."

"Shi ya sa, Kawu. Kuma da bazara ga girgije, ga kowa na ɗora kati yana sakewa."

"To ba mai raba su?"

"Doka za a sa musu. Kowa ya fara ɗaukar igiya kafin guga, ko wane ne shi. Amma wannan sai na zauna. Yanzu na samu abin da nake so." Ta juyo. "Baba, ja."

Hannun nan da ya yi kwanaki yana ƙaiƙayi sai ya ƙi tashi. Da ƙyar na kai shi. Na ja, na mayar, ban yi tofi ba. Fitila ta yi ja. Ta zauna a ja. Wani a baya ya fara salati. Na ji taubashina ya kama gefen rigata yana murɗawa, bai san yana yi ba. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na gama yanke cewa na kashe fadama da hannuna, har na fara tunanin garin da zan koma. Sai ta koma koriya, ta ƙifta.

Ruwa ya bi layi yadda akwatin ya saba rabawa, daga na kusa zuwa na nesa. Inna ta hana kowa ɗora kati sai ta leƙa sama ta ce to. Gonata sai washegari ta sha.

Gyaran kansa, da ta zauna a zaurena ta yi shi ta kuma yi magana da mutanen kamfaninsu, ta nuna mini. Layi biyu ta sauya wa wuri, na sama ya dawo ƙasa. Na ce duk wannan azabar a kan wannan? Ta ce a kan wannan. Da ta ɗora wa akwatin sabon kanel sai ta ce a gwada shi da gangan. Ta sa aka kawo tabarmi. Taubashina yana ɗora kati yana ɗagawa, mu kuma muna rufe farantan sola muna buɗewa in ta ba da murya. A nan na samu aikin da ya dace da ilimina, na zama girgije. Muka yi ta yi har kafaɗuna suka sage, fitila ba ta daina ƙiftawa ba. Ba ta kuma ƙara tsayawa ba har aka yi girbi, na Anka ma aka ɗora musu gyaran.

Waɗanda ke kusa da famfo sun samu shinkafarsu, da ɗan rauni. Taubashina ya yi asarar gefen da ke jikin tawa. Ni kuwa fangulan tudu duk fanko suka ba ni, na gangare ne suka kawo abin da suka kawo. Ranar sheƙa ina zaune ina kallon uwargida tana ɗaga ƙwarya, iska tana kwashe abin da na yi rani ina wa ban-ruwa, abin da ke faɗowa a tabarma ɗan kaɗan. Kafin damina ta yi nisa mun koma tuwon dawa, dawar ma ta taubashina ce, ya aiko da ita da saƙon cewa sadaka ce ga tsofaffin injiniyoyi.

Makullin ɗakin har yanzu yana bakin zanen uwargida. Ƙungiyarmu ta manoma ta zauna ta ce a can ya fi zama lafiya. In za a share farantai ko a duba batir, ni nake zuwa in tsaya daga bakin ƙofarta in yi sallama in roƙa, ta tambaye ni abin da zan yi da shi.